Ƙwan Farar Zabuwa da Tumbin Tela

"Lafiya lau, duk suna gaishe ki. Amma tsaya tukuna, Tsohuwa. Yaushe aka kafa dokar miji ya shigo gida da kaya, matarsa tana zaune ƙafa a miƙe?"

"Ranar da aka aiki miji da safe ya dawo rana tsaka. Sauke kwalin nan a hankali, kada ka girgiza min baƙuwa."

Tela ya kashe babur, ya jingine shi a jikin danga, ya kwance kwalin da ya ɗauro a baya. Wannan da yake kira Tsohuwa kakarsa ce, ita ta haifi babansa. Tun yana rarrafe take ce masa Maigida, shi kuma tun da bakinsa ya buɗe bai taɓa barin maganarta ta faɗi ƙasa ba. Ya san ta farin sani, mace ce da ba ta iya zama ba. In ba tana ba akuya dusa ba, to tana korar mage daga kan randa, ko kuma tana yi wa kurciyoyi faɗa don sun zubar da ruwan da ita da kanta ta ajiye musu. Yau kuwa ga ta a gindin mangwaro, ta jingina da bishiyar, ta lulluɓa da mayafi biyu cikin wannan zafi, hannayenta a kan ciki, ko motsi ba ta yi.

Aiken da ya kawo shi ba ƙarami ba ne a wajenta. Tsohuwa tana da wata zabuwa fara fat, wadda ta raina tun tana 'yar tsako. Tun da kakansa ya rasu, 'ya'ya da jikoki kowa ya kama gabansa, wannan zabuwa ce ke tashin ta da safe, ita ke raka ta gona, ita ke faɗa mata an yi baƙo. Kwanakin baya mota ta bi ta kan zabuwar a bakin titi. Tsohuwa ta bi ciyawar bayan danga da sanda har ta gano inda marigayiyar ke ɓoye ƙwai, ta kwaso biyar ta sa wa kazarta ta kwanta a kai. Sai ga shi yau da sassafe tunku ya shiga akurki ya kashe kazar. Ta kore shi kafin ya kai ga ƙwan, waɗanda saura ƙiris su ƙyanƙyashe. Shi ne ta buga wa Tela waya, ta ce maza ya samo mata kaza mai kwanci, don in ƙwan nan ya huce, irin farar zabuwa ya ƙare ke nan.

"Buɗe in gani," in ji ta.

"Ki fara kare idonki da hannu. Kyan da ke cikin kwalin nan zai iya ƙarasa ɗan ganin da ya rage miki."

"Idon da ya kalle ka ranar da aka haife ka bai makance ba, babu abin da zai makantar da shi. Buɗe."

Ya zura hannu ya ɗago wata ƙatuwar jar kaza, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, yadda yake nuna wa mata sabon yadi a shagonsa.

"Dubi launi. Dubi yadda gashi ya kwanta luf, sai ki ce an yi mata guga. Kasuwar nan kaf na zagaye ta, sauran kajin duk da ragowar ƙyalle aka haɗa su."

"Matso da ita. Me ya sami bakinta?"

"Haka ake yayi yanzu."

"Datse shi aka yi. Maigida, kazar gidan gona ka sayo min?"

"Mai kajin har rantsuwa ya yi, wai kullum ta Allah sai ta yi ƙwai. Na ce wadda ta saba da ƙwai haka, ai a fagen raino ba ta da na biyu."

"Kai ma kullum kana ɗinka riga, ka taɓa bin mai ita gida ka ga ko ta shige shi? Irin waɗannan ajiyewa suke yi su yi gaba, hannun mutum ya ɗauke. Wannan ko a mafarki ba ta taɓa ganin ɗan tsako ba. Kwanci na ce maka, ba kwalliya ba."

"Ba ki ba ta dama ba. Kowa ma koya ya yi."

Ya dire kazar a tsakar gida. Ta tsaya cak, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta duba, ta sauke, ta ɗaga ɗayar, da alama yau ta fara taka ƙasa a rayuwarta. Can sai wata fara ta diro daga kan danga ta sauka a gabanta. Kowace kazar kirki da tuni ta yi loma ɗaya da ita. Wannan kuwa sai ta kwarma ihu, ta juya a guje, ta faɗa cikin kwalinta ta ɓoye kai.

"Kunya take ji," in ji Tela. "Baƙuwa ce, kuma 'yar gidan tarbiyya."

"Fara ta kore ta, tunku kuma sai ta miƙa masa ƙwan ta haɗa da ban haƙuri."

"To a gwada ta mana. Ina ƙwan?"

Tsohuwa ta kau da kai tana kallon akuya. Tela ya leƙa akurki, babu komai sai gashin kaza a watse. Ya leƙa ƙarƙashin rumbu, ya buɗe kwando, har murfin tukunya sai da ya ɗaga.

"Ko dai kin soye abinki kin karya, kika sa ni yawon kasuwa a banza?"

"Ka ji mai tunanin ciki."

"To ina suke?"

Ta harare shi. Sannan ta ɗaga gefen mayafi da yatsa biyu. Ga ƙwai biyar a naɗe cikin ɗankwali, ta ɗaure su a jikin fatar cikinta, ta ɗora zani a kai.

Tela ya kalla, ya sake kalla. Ya zube a kan turmi yana dariya har da riƙe ƙugu.

"Ashe ni ne wawa. Na tafi kasuwa neman kaza, na bar babba a gida. Tsohuwa, tsaba zan watsa miki ko dusa kika fi so?"

"Yi dariyarka ka gama."

"In sun fito me zan riƙa kiran su? Baffa? Don ƙannen babana ne fa. Sai na kira shi na yi masa barka, a wannan shekarun an yi masa ƙanne biyar rana ɗaya."

"Ko ba komai za su fi ɗansa hankali. Zabuwa ba ta taɓa zuwa kasuwa ta sayo abin da fara ke kora ba."

Yana cikin share hawaye ya lura muryarta ta dushe. Leɓenta ya bushe, gumi yana bin wuyanta, ga kofin ruwa a gefenta cike fal ba a taɓa ba. Ya daina dariyar.

"Tun yaushe kike zaune a nan?"

"Tun da na kira ka. Ruwan ma tsoron sha nake yi, kada ya matse ni in rasa wanda zan bar wa su. Bayana ya ƙage. Kuma jikin tsufa ba ɗumi gare shi ba, ina ji suna neman hucewa."

"Me ya hana ki ajiye su kusa da murhu?"

"Dafaffen ƙwai ka zo ci?"

"Maƙwabta fa?"

"Na aika. Kajinsu duk yawo suke, ba mai kwanci ko ɗaya."

Ya sosa ƙeya. Ya dubi kwali, kwali bai ba shi shawara ba. Da ya juyo sai ya ga Tsohuwa ta zuba masa ido, ba a fuska ba, ƙasa kaɗan. Tela mutum ne da zaman keken ɗinki ya karɓe shi, rigarsa ma sai da ya ƙara mata ƙyalle a gefe da gefe.

"Me kike kallo?"

"Ikon Allah nake kallo. Shekara da shekaru ina tambayar kaina amfanin wannan tumbi. Ba ya noma, ba ya ɗaukar kaya, ba ya barin mai shi ya ga ƙafarsa. Ashe yau aka tara shi domin ta."

"A'a. Kada ma ki fara."

"Ga faɗi, ga taushi, ga ɗumi. Ƙwai ashirin ma sai ya ɗauka, a sami wurin baƙi."

"Ni magidanci ne, da shago, da mutunci a idon jama'a. In labarin nan ya fita, wa zai sake kawo min ɗinki?"

"Wanda ya ga wandon da ka ɗinka wa babanka, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ya kuma dawo, ai ba abin da zai kore shi."

"Ƙafar tasa ce ba daidai ba. Ke kika haife shi, ki tambayi kanki."

"To shi ke nan. Ɗauki kwalinka ka tafi, na gode." Ta gyara mayafi, ta mai da hannu kan ciki. "Ni dai tun da zabuwar nan ta mutu, gari yana wayewa gidan nan shiru. In farka in yi ta sauraro, ba wanda ke kira na. Akuya abinci take nema, mage barci take yi. Ita kaɗai ce in ban fito ba sai ta zo bakin ƙofa ta ji dalili. Waɗannan biyar ɗin su ne abin da ta bar min."

Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi yi wa Tela ciwo. Kunya ta kama shi, don shi ma rabonsa da gidan nan an kwana biyu, ga shi tsakaninsu ba wata tafiya ba ce. Amma ba a san su da lallashi ba, shi da ita, don haka ya tsuke fuska ya nuna ɗaurin da ke cikinta.

"Wannan wane irin aiki ne? Ƙwai yana gugar ƙwai, ƙulli a karkace. In dai za a yi abu a yi shi da kyau."

Ya je jakar babur ya kwaso ragowar ƙyallaye, ya zaro allura daga jikin hularsa, ya cizge zare da haƙori. Nan da nan ya harhaɗa wata ɗamara mai aljihu biyar, kowane aljihu da shimfiɗarsa. Ya ciro tef daga wuya zai auna kansa.

"Kada ka wahalar da tef ɗin nan," in ji Tsohuwa. "Je ka kwanto igiyar guga."

"Ki yi shiru, kazar da ta yi ritaya ba ta da ta cewa."

Ya zauna a inda take, ya ɗage riga, ita kuma ta riƙa ciro ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana sa masa a aljihu. Ta ja ɗamarar ta ɗaure, ta sauke rigar, ta yafa masa mayafinta mai furanni.

"Mayafin dole ne?"

"Dole ne. Kada ka yi tari, kada ka yi atishawa, kada ka yi dariya. In ka ji ƙaiƙayi ka yi haƙuri, kaza ma haƙuri take yi."

Ta dafa bishiya ta miƙe, ƙasusuwanta suna ƙara, ta nufi bayan gida da saurin da bai san tana da shi ba. Da ta dawo ta shanye ruwan kofin tas, ta yi salla, sannan ta ɗauko kwanon abinci ta zauna daidai gabansa ta fara ci.

"Ba tayi?"

"Mai kwanci ba ya ci da yawa. In cikin nan ya ƙaru zai matse min jikoki."

"Ɗazu 'ya'yanki ne."

"Yanzu kai ne uwarsu, ni kaka ce. Da ma aikin da na iya ke nan."

Waya ta yi ƙara a aljihun wandonsa. Ba halin ya karkace, sai Tsohuwa ce ta zaro ta, ta danna, ta kara masa a kunne. Matarsa ce, tana tambaya ko lafiya, shago a rufe, masu kaya suna ta zarya.

"Ina wani aiki ne," ya ce da ƙaramar murya.

"Wane aiki?"

"Na zaune."

Tsohuwa ta janye wayar ta kai bakinta. "'Yar nan, mijinki yana kwanci. In ya sauka lafiya za a sanar da ke." Ta kashe, ta ajiye wayar nesa da hannunsa.

"Kin kashe min aure."

"Na ƙara maka daraja. Yau ta ji kana da amfani."

Daga nan ta shiga hidimarta, ta bar shi da bishiya. Tela bai saba zama ba ƙarar keke ba rediyo ba, da farko ji ya yi kamar an ɗaure shi. Amma da gidan ya ga ba ya motsi, sai ya manta da shi. Kurciyoyi biyu suka sauko bakin kasko suka sha ruwa dab da ƙafarsa, har yana ganin baƙin layin da ke wuyansu, wanda ya rantse a ransa ko shi ba zai iya fitar da shi haka ba. Ƙadangare ya bi ta kan takalminsa, ya tsaya ya gyaɗa masa kai, ya wuce. Mage ta zo ta shinshina mayafin, ta gane na uwar ɗakinta ne, ta kwanta a jikin cinyarsa tana gurnani. Iska ta kaɗa ganyen mangwaro, ƙamshin ciyawar da aka yanko wa akuya ya taso. Har jar kazar ta leƙo daga kwali, ta fito a ɗarare, ta kai wa wata tururuwa sara, ta kuskure. Tela ya ji daɗin zaman har ransa, kuma ya ƙudura ko za a yanka shi ba zai faɗa wa Tsohuwa ba.

Rana ta fara sanyi lokacin da ya ji wani abu ya taɓa shi a gefen cibiya. Ya ɗauka yunwa ce. Sai abin ya sake, ƙwas, ƙwas.

"Tsohuwa," ya kira ta, ko leɓe bai buɗe sosai ba. "Zo. Wani abu yana ƙwanƙwasa ni."

Ta yar da tsintsiya. Ta durƙusa a gabansa, ta kara kunne a tumbin, ta ɗaga masa hannu alamar ya yi shiru, shi da ko numfashi ya daina. Daga ƙarƙashin mayafi wani ɗan siririn kuka ya fito.

Ta ɗage rigar a hankali. Ƙwan da ke aljihun tsakiya ya tsage, ɗan baki yana leƙowa yana komawa. Na kusa da shi ma ya fara. Tsohuwa ta toshe bakinta da hannu, hawayen da ta hana fita ɗazu suka zubo, ba ta ko share su ba.

"A taimaka masa?" in ji Tela. "Ina da almakashi."

"Ka taɓa shi in karya maka yatsa. Da kansa zai fito. Kai dai numfasa, kada ka mutu ka bar min marayu."

Suka zauna suna jira, kai da kai, ba mai tsokanar wani, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihinsu. Can ɓawon ya rabe, wani ɗan abu jiƙaƙƙe ya faɗo tafin hannun Tsohuwa, duk wuya da ƙafa. Ta hura masa iska, ta mai da shi jikin tumbin ya bushe. Da gashin ya fara tashi sai ga shi fari sol.

"Kamarki ɗaya," in ji Tela. "Ga furfura, ga ƙwala ido, ga baki ba ya hutawa."

"Ƙarya kake. Dubi cikinsa, ai naka ne."

"To tun da kin faɗa da bakinki, nawa ne. Ni na yi naƙuda, ni na ji zafi. Duk biyar ɗin da su zan tafi."

"Ni da na kwanta a kansu tun safe fa?"

"Aikin wucin gadi kika yi. A jikin wa suka fito?"

Tsohuwa ta share fuska da bakin zani. Ta dubi ɗan tsakon, wanda ya cusa kai cikin rigar Tela ya yi lamo, ta dubi Tela, ta yi wani murmushi da ya kamata ya ba shi tsoro.

"Ka yi gaskiya, Maigida, na sallama. Wannan na fari naka ne, na ba ka halak malak."

"Yau ko ke fa. A rubuta, Tsohuwa ta sallama."

"Sai dai ba a raba ɗan tsako da 'yan'uwansa, a nan zai zauna. Kuma kai ya fara gani, kai ya sani. In gari ya waye bai ga uwarsa ba, ba zai ci ba. Don haka kullum kafin ka buɗe shago, ka biyo ta nan ka ba ɗanka abinci."

Tela ya dubi ɗan tsakon. Ya ga ramin sarai, ya kuma ga da ƙafarsa ya shiga. Dariya ta taso masa, ya danne ta da ƙyar saboda sauran huɗun da ke ɗaure a cikinsa, sai kafaɗunsa kawai ke rawa.

"Kin ci ni, Tsohuwa. Da ƙarfe nawa yake karyawa?"

"Da wuri," in ji ta, tana gyara masa mayafi. "In ka makara zan ji, don yanzu kunnena yana bakin ƙofa."